Yadda Na Zama Mushe a Samaru

Tun da na dawo hutu ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a majalisarmu ba. Kofin fari, "Lawali, yaya Zariya?" Kofi na biyu, "Da gaske ne ɗaliban can sun fi mutanen unguwarmu yawa?" Kafin a kai na uku wani ya jefo, "Wai mi kake karantawa ne takamaimai?" Na ba ku amsoshi iri-iri, kuma a kowace amsa nakan fito da kyau fiye da yadda abin ya faru. Yau na zauna in rubuta muku na gaskiyar, kowa ya karanta da kansa.

Kun san yadda na bar Maraɗi. Ni ne na ɗaya a lissafi a makarantarmu, kuma ban bar kowa ya manta da hakan ba. Wata ƙungiyar 'yan kasuwar garinmu ta ɗauki nauyin karatuna a jami'a a Najeriya, da sharaɗi ɗaya: wanda ya faɗi shekara ya dawo gida, a tura wani. Sharaɗin bai dame ni ba ko kaɗan. Duk karatuna da Faransanci na yi shi, Ingilishina kuwa na wata shida ne a wajen wani malami mai koyarwa a zaure, sai ɗan ƙamus na aljihu. Amma na gaya wa duk mai saurarona cewa lissafi ba shi da yare.

Ranar tafiya na saka kwat baƙa, cikin zafin nan namu. Na riƙe jakar hannu irin ta ma'aikatan banki, babu komai a ciki sai takardar shiga jami'a da ƙamus. Sauran kayana, tufafi da kilishi da butar shayi da ƙananan kofuna, suna cikin wata tsohuwar jaka da na tura bayan mota don kada a gan ni da ita.

Daga Ɗan Isa zuwa Jibiya ba wani nisa, amma a ɗan tsakanin nan na maimaita jimla ɗaya ta Ingilishi ya fi sau talatin. Jimlar tana cewa ni ɗalibi ne, zan je Zariya karatun Injiniyarin Fiziks. Da muka sauka a kan iyaka aka jera mu, wani jami'i mai furfura ya karɓi takarduna ya tambaye ni inda za ni. Na gyara wuyan kwat na zuba masa jimlata. Ya dube ni. Na ɗauka bai ji ba, na sake zubawa da ƙarfi.

Ya ce, "Ɗan samari, yi Hausa mu huta, ni da kai duka."

Na yi Hausa. Ya buga hatimi, ya ce Allah ya ba da sa'a, sannan ya ƙara da cewa in cire kwat ɗin kafin Katsina, kada in sume musu a mota.

A Katsina muka canja mota, muka bi ta Funtuwa. Na ce wa direba Zariya za ni, ban ƙara komai ba, don ban san Zariya gari uku ko huɗu ba ne a haɗe. Da la'asar muka ratsa wani wuri mai cike da samari da 'yan mata riƙe da littattafai, ga wata babbar ƙofa da doguwar katanga a hannun dama. Rabin motar suka sauka. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta ce, "Kai ba ɗan makaranta ba ne?" Na ce mata ni jami'a za ni, da wata murya da har yau in na tuna nake jin kunya. Ta ce to, ta gyara zama. Sai da muka yi tafiya mai nisa, muka shiga hayaniyar Sabon Gari, direba ya kashe mota ya ce an iso, sannan na tambayi inda jami'ar take. Dattijuwar tana sauke ƙullin kayanta ta ce, "Ai ita ce ka wuce a Samaru, ɗana. Na ga kamar ka san hanya."

Haka na koma baya a wata bas, jaka a cinya, kwat a hannu.

Ɗakin da aka ba ni a masaukin ɗalibai na mutum huɗu ne a takarda. Mu tara na tarar. Gado huɗu, katifu a ƙasa, risho a kowane lungu, igiyar shanya ta ratsa tsakiya. Wanda ya matsa mini wuri shi ne Istifanus, ɗan kudancin Kaduna, ajinmu ɗaya. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ya yi makarantar koyon sana'a kafin ya zo, kuma Hausarsa ta fi tawa santsi. Shi ya fara koya mini jiƙa garin kwaki da sukari da ƙuli. Ranar farko na tambaye shi yaushe za a ɗora shi a wuta, ya ce ai an gama, in sa cokali.

Abincin ya ba ni wahala fiye da yadda nake gaya muku. Burodinsu laushi gare shi da zaƙi, ka matsa shi ya koma kamar auduga, ba irin namu dogo mai ƙaras-ƙaras ba. Shayi kuwa, ranar da mai shayin bakin kasuwar Samaru ya miƙo mini wani ƙaton kofi cike da ruwan madara, na ɗauka na mutum uku ne. Da na fito da butata a ɗaki na dafa musu namu, na ɗaga hannu ina zubawa har kumfa ta tashi, suka kewaye ni suna kallo. Na ba kowa ɗan kofinsa. Istifanus ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ce maganin mene ne wannan.

Na kuma yi ta yi wa Zazzagawa dariya a ɓoye, don na ji mutum da gemunsa yana cewa "matana ya zo", ko "mota ne". Ban san su ma suna tattara nawa ba. Duk lokacin da na ce "mi ka ce?" sai in ji wani a baya ya maimaita a hankali.

Yanzu ga tambayarku ta kullum, abin da nake karantawa. Injiniyarin Fiziks ilimi ne na sanin dokokin da wuta da haske da zafi da motsi suke bi, sannan a yi amfani da sanin a ƙera na'ura ko a gyara tsarinta. Rabi a allo, rabi a ɗakin gwaji. 'Yan sashen injiniya suna ce mana malaman makaranta, 'yan fiziks zalla suna ce mana makanikai. Mu kanmu in aka tambaye mu aikin da za mu yi bayan mun gama, sai mu fara dogon bayani.

Rabin allo na ɗauka nawa ne. Laccar farko ban gane kalma goma ba, amma da malama ta juya ta fara rubuta lissafi sai na ji kamar na ga ɗan garinmu a tasha. Gwajin farko na gama kafin kowa, na fita ina taku. Da aka dawo da takardu na ga jan biro ko'ina. Tambaya ɗaya ta ce a nemo tsawon igiyar da aka rataya wa ɗan ƙarfe yana lilo. Amsar mita biyu da rabi ce, kuma na same ta. Sai dai mu a tsarin Faransanci waƙafi muke sawa tsakanin cikakken lamba da guntunsa, su kuwa ɗigo suke sawa. Na rubuta 2,500. A idonta mita dubu biyu da ɗari biyar ke nan. Ta rubuta a gefe cewa wannan igiya ce ko hanyar Funtuwa. Duk amsoshina haka suka tafi. Lamba ɗaya da muke rubutawa da ƙugiya kuma ta karanta ta bakwai. Na je na yi mata bayani da Ingilishina na zaure, ta saurara har ƙarshe, ta gyara mini wasu, ta ce daga yau in rubuta lamba irin ta ƙasar da nake cin abincinta.

Wannan mai sauƙi ne. Ɗakin gwaji ne ya kusa maido ni gida.

Mai kula da ɗakin wani dattijo ne, Malam Tanimu, mutumin garin Jama'a, dogo, siriri, da farar rigar aiki a kan kaftani. Ya girmi yawancin malamanmu, kuma kowace na'ura a ɗakin ya san tarihinta. Ranar farko ina so in tambaye shi teburina. Kun san mu malami Mushe muke ce masa, kalmar girmamawa ce da muka aro daga Faransanci, kuma sabo ya sa ba ma tuna ɗaya mushen. Na ɗaga hannu a gaban mutum arba'in na ce, "Mushe, ina ne wurina?"

Malam Tanimu ya sauke tabarau ya ce, "Wa ka kira mushe?"

Istifanus ne ya cece ni, ya ce, "Baba, ɗan Nijar ne, haka suke ce wa malamansu."

Dattijon ya ce, "To Allah ya ba malamansu haƙuri." Ya nuna mini teburi. Daga ranar babu wanda ya sake kirana Lawali a sashenmu. Har a takardar sunayen rukuni wani ya rubuta Mushe.

A makarantarmu ta gida hoton na'urori kawai muka gani a littafi. Na san dokokin wutar lantarki kamar sunana, amma ban taɓa riƙe waya biyu na haɗa ba. A mako na uku aka ba mu mita mai auna yawan wutar da ke bi ta waya. Ita a cikin layi ake sa ta, wutar ta ratsa ta cikinta ta wuce. Ni na kafa ta kai tsaye a bakunan wutar guda biyu. Istifanus ya ce, "Tsaya tukuna." Na ce masa na san abin da nake yi, na kunna. Allurar mitar ta buga gefe, wani siririn hayaƙi ya fito, da wari kamar an ƙona roba. Malam Tanimu ya zo ya ɗauke ta da hannu biyu. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Wannan mitar ta girme ka." Ya tafi da ita.

Daga nan na fara jin tsoron taɓa komai, sai na koma wata dabara. Tunda na san abin da ya kamata gwaji ya bayar, sai in zauna in lissafa lambobin in cike jadawali, in miƙa kamar na auna. Sau biyu ta wuce. Na uku Malam Tanimu ya kira ni ofishinsa, ya shimfiɗa rahotona.

Ya ce, "Shekara talatin ina ɗakin nan, na'urar nan ba ta taɓa ba kowa amsa mai tsabta haka ba. Ko lokacin da take sabuwa."

Ya ture rahoton gefe.

Ya ce, "Kanka yana da kyau, amma hannunka bai zo makaranta ba. Jarrabawar aiki tana ƙarshen shekara, kowa shi kaɗai a teburinsa. Wanda ya faɗi ta ya maimaita shekara. Ban kai ka gaba ba wannan karon. Tafi."

Na fito na zauna a ƙarƙashin wata bishiya bayan sashen. Na tuna mutanen da suka raka ni tasha, da 'yan ƙungiyar nan da sharaɗinsu. Na ga kaina ina sauka a Maraɗi da tsohuwar jakata, ina neman abin da zan ce. A nan Istifanus ya same ni. Shi lissafi ne yake kayar da shi, sai muka yi yarjejeniya: in zaunar da shi kan lissafi kowace yamma, shi kuma ya kai ni inda za a gyara mini hannu.

Ranar Asabar muka shiga bas zuwa Sabon Gari. A wani layi bayan unguwar PZ akwai shagon gyaran rediyo da talabijin na wani Oga Emeka, cocinsu ɗaya da Istifanus. Shagon cike yake har rufi da gawarwakin na'urori. Ina hanya ina shirya Ingilishin da zan yi masa, sai mutumin ya ɗago ya ce, "Sannunku da zuwa. Wannan ne injiniyan da ya ƙona mita?" A Sabon Gari aka haife shi, mahaifinsa aikin jirgin ƙasa ya kawo shi. Zazzaganci yake yi tsantsa, har da "matana".

Na fara yi masa bayanin dokokin da na sani. Ya saurara yana kwance bayan wata rediyo, sannan ya miƙo mini ayan, ƙarfen nan mai zafi da ake narka dalma da shi a liƙe waya. Ya ce in riƙe. Na riƙe shi kamar biro, wato ta wajen bakin. Ban san na iya tsalle haka ba. Oga ya tura mini kofin ruwa ya ce, "Kowa sau ɗaya yake yin wannan." Ni sau uku na yi.

Wata biyu ban gyara komai ba. Aikina cire ƙananan kaya daga matattun allunan cikin rediyo, in ware su a gwangwanaye, in karanta launin jikinsu in faɗi ƙarfinsu, shi kuma ya sa in auna in gani ko gaskiya ne. Sau da yawa abin da aka rubuta daban, abin da mita ta nuna daban. Na ce masa to wanne ne daidai. Ya ce, "Wanda ke hannunka." In aka kawo rediyo, kafin ya taɓa ta sai ya buɗe ya kai hancinsa ya shinshina. Na yi dariya ranar farko. Ya ce abin da ya ƙone ba ya iya ɓoye warinsa, ya tura mini allon a hanci har na koyi bambanta warin.

Da rana matarsa takan aiko da akpu, wato tuwon rogo, da miyar agushi mai nama. Ranar farko na tsaya ina kallon naman. Ya gane, ya ce, "Ci abinka, 'yan uwanka ne suka yanka a kasuwa." Na gutsuri akpu na shiga tauna, abu ya manne mini a dasashi. Ya ce ba a taunawa, haɗiyewa ake yi. Na ce a garinmu abin da ba a tauna ba magani ne. In an kira azahar kuwa, shi ke karɓe ayan daga hannuna ya ce in je masallaci in dawo, aikin ba zai gudu ba.

Ranar jarrabawar aiki kowa ya zari takarda ya nufi teburin da ta nuna. Nawa aikin shi ne in haɗa ɗan allon da ke mayar da wutar gida irin ta batir, in auna a wurare shida in cike jadawali. Awa biyu aka ba mu. Na haɗa a hankali, na duba sau biyu, na kunna. Mita ba ta motsa ba. Na kwance na sake haɗawa. Shiru. Rabin awa ta tafi, gumi ya jiƙa mini riga.

Lambobin shida suna cikin kaina. Cikin minti biyar zan iya cike jadawalin, har in ɗan lalata su don su yi kama da na gaske. Na ɗauki biro, na riƙe shi a kan takarda na ɗan lokaci. Sai na ajiye, na kashe wuta, na ɗaga allon na kai hancina. Na ji wata yarinya a teburin kusa ta yi ƙaramar dariya. Warin yana nan, kaɗan, a gefen hagu. Na bi da mita ɗaya bayan ɗaya har na sami wani ɗan rizisto, irin ƙananan kayan nan masu launi, da ya mutu, cikinsa ya yi baƙi ta ƙasa inda ido ba ya gani. Na ɗaga hannu.

Na ce, "Malam, wannan ya ƙone."

Malam Tanimu ya zo ya duba. Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da sabo, kamar dama yana jira. Ya ce, "Wa ya koya maka shinshina?"

Na ce, "Wani malamina a Sabon Gari."

Ya ce, "Ka gaishe shi."

Lokacin da ya rage bai ishe ni ba. Wuri huɗu na auna cikin shida, kuma lambobin sun fito a karkace, ba ko ɗaya da ya yi daidai da lissafi. Haka na miƙa. Daga baya muka ji cewa teburi uku Malam Tanimu ya sa wa mataccen abu da gangan, kuma mutum ɗaya daga cikinmu ya miƙa cikakken jadawali daga allon da wuta ba ta taɓa bi ba. Da aka liƙa sakamako na sami C. Ban taɓa samun maki ƙasa haka ba a rayuwata, kuma na tsaya gaban allon sanarwar nan ina murmushi har wani ya ce in matsa. Istifanus ma ya haye lissafinsa da ƙyar.

Da na je sallama, Oga Emeka ya naɗe wani tsohon ayan a jarida ya ba ni, da ɗan ƙullin dalma. Ya ce in riƙe ta wajen katako.

Kwana biyu da isowata gida na ji Inna tana cewa rediyonta ta daina magana. Na ce kada a kai ta ko'ina. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na jera kayan aiki, ƙannena da matan maƙwabta suka taru. Na warware ayan na nufi soket, sai filogi ya ƙi shiga. Nasu na Najeriya baki uku ne masu faɗi, namu biyu ne zagayayyu. Na nemi wuƙa na yanke shi, na cire na wata tsohuwar fanka na ɗaura, ayan ya yi zafi. Na kwance rediyo gaba ɗaya, na shinshina, na auna nan na auna can. Ban sami komai ba. Kusan awa ɗaya ina abu ɗaya, masu kallo suka fara zamewa.

Inna tana tankaɗe a gefe. Ta ce, "Lawali, in ka gama, ka karɓo mini batir a shago. Tun shekaranjiya ya ƙare."

Na mayar da rediyon yadda take, na ɗaure kowace ƙusa a wurinta, ban bar ko ɗaya a tabarma ba. Sannan na sa takalmi na tafi shago.